Gahawa Ta Huce, Tafinta Na Ciniki

Ranar da labari ya iso Majdal Tut cewa za a zo gida a nema wa Ziyad auren Surayya, Abu Nimr bai bari mai ba da labarin ya rufe baki ba ya naɗa kansa tafinta. Yana zaune a gidan gahawa na bakin dandali, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya murza gashin bakinsa na dama, ya murza na hagu, ya sanar da jama'a cewa lokaci ya yi da garin nan zai san irin dukiyar da Allah ya ajiye masa, ya yi shekaru yana wulaƙanta ta.

Abin da ya sa ake neman tafinta kuwa, iyayen yaran ne ba sa jin juna. Fawwaz, uban yaron, ɗan baffan Abu Nimr ne, amma yana goye aka tafi da shi Ostireliya. Larabcinsa bai wuce sallama da sunayen abinci ba, sauran duk Turanci. Jamil, uban yarinyar, a Barazil aka haife shi, likitan haƙori ne a can, ba ya jin komai sai Fotugis. Yaran sun haɗu wajen karatu sun daidaita kansu, amma dattawa suka ce sai an zo an yi yadda ake yi. A zauna a falon Hajji Mas'ud, ƙanin kakan yarinyar, a ajiye wa masu nema gahawa a gabansu, su ƙi taɓa ta har sai uban yarinya ya ce ya ba su, sannan su sha.

To, a garinmu ba gidan da ba shi da mutum a Barazil. Rabin tsofaffinmu da Fotugis suke zagin jikokinsu. Samari kuma sun kwaso Turanci a makaranta. Amma wanda ya haɗa biyun babu, in ban da ita Surayya, ita kuwa ba a zaunar da yarinya cikin maza ranar neman aurenta.

Darwish mai aski, wanda ya yi rabin rayuwarsa a Barazil, kuma bai taɓa gaskata kalma ɗaya daga bakin Abu Nimr ba, ya kawo shawara mai sauƙi. Ya ce a samu saurayi ya juya Turanci zuwa Larabci, shi kuma ya ɗauka daga nan ya kai Fotugis. Abu Nimr ya yi dariya har da dukan tebur. Ya ce magana ai madara ce, in aka yi ta juye ta daga wannan kwano zuwa wancan, kafin ta isa ba abin da zai rage sai kumfa. Wani ya ce to a sa waya ta fassara mana, Abu Nimr ya tambaye shi ko da waya ubansa ya nemo uwarsa.

"Kai da Turanci, Abu Nimr?" in ji Darwish. "Yaushe aka ɗaura wannan auren ba a gayyace mu ba?"

"Kana can kana kankare ƙeyar mutane. Turanci ai Fotugis ne da sanyi ya kama. Ka ɗan ɗumama shi, ka fitar da shi ta hanci, an gama."

"To me ake ce wa suruki da Turanci?"

"Ba su da shi. Shi ya sa suka ci gaba."

Aka kwashe da dariya, kuma dariyar ce ta kai shi ta baro. Ya miƙe tsaye ya kama bakin gashin bakinsa da yatsa biyu, ya juya wajen Abu Talal, muhtar, wato mai garinmu, ya ce ya zama shaida. In aka kira la'asar ranar Alhamis Jamil bai ce ya ba da 'yarsa ta bakin shi Abu Nimr ba, Darwish ya aske wannan a tsakiyar dandalin nan, kowa na gani.

Kowa a wurin ya san abin da aka ajiye. Gashin bakin Abu Nimr ba irin na kowa ba ne. Baƙi ne wuluk, mai kauri, ya lanƙwashe sama ta kowane gefe, ana shafa masa man zaitun kullum da safe kafin 'ya'yan gidan su samu na ci da burodi. Kuma gaskiyar da ba a faɗa a gabansa ita ce, shi kaɗai ne ribar da ya samo daga Barazil. Ya tafi yana saurayi, aka ba shi akwatin yadi da zanen gado ya bi ƙauyuka gida-gida, bai daɗe ba ya dawo da akwatin wayam da wannan gashi a leɓe. Sauran sun dawo sun gina benaye, shi ya dawo yana murzawa. Shekarun da ya yi a can kuwa kullum ƙaruwa suke a bakinsa, har sun kusa wuce shekarunsa na haihuwa. Fotugis ɗinsa duka na ƙofar gida ne, na ɗan koli mai neman a buɗe masa. Turancin kuma ya tsince shi ne wata bazara da ya yi yana kai masu yawon buɗe ido kallon tsofaffin gine-ginen Rumawa na garin Ba'alabak a motar wani.

Da labarin rantsuwar ya riga shi isa gida, matarsa Ummu Nimr ta tare shi a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba, kuma ba ta da sha'awar fara gani da tsufanta. Ya ce ta kwantar da hankalinta, mutumin da ya sayar wa matar da ba ta da gado zanen gado, aurar da injiniya irin Ziyad ba zai gagare shi ba.

Ranar Alhamis bayan azahar aka jera zuwa gidan Hajji Mas'ud. Abu Nimr ne a gaba, cikin kwat ɗin da ya dawo da ita daga Barazil, wadda maɓallanta suka daɗe da yin sallama da ramukansu. Muhtar na biye, sai Fawwaz, sai ango Ziyad da gumi ya riga ya jiƙa wa wuya, sai samarin dangi. A falo tsofaffin Barazil suka zauna gefen Jamil, Darwish a cikinsu, samari masu Turanci suka zauna gefen Fawwaz. Mata na bayan ƙofar kicin sun kasa kunne, amarya tana sama ana yi mata gashi. Hajji Mas'ud da kansa ya zuba gahawa a finjali ya ajiye a gaban baƙi, ba wanda ya taɓa.

Fawwaz ya gyara murya ya fara. Mutum ne mai taushin zuciya, ya ce yau ya taka ƙasar da mahaifinsa ya mutu yana begenta, kuma ba abin da ya fi masa daɗi irin a ce alheri ne ya kawo shi. Abu Nimr na ta gyaɗa kai kamar an yi shawara da shi kafin a rubuta. A cikin jawabin nan duka ba abin da ya kama sai Majdal Tut. Ido ya yi masa yawa, sai ya buɗe baki, abin da ke ajiye a ciki ya fito da Fotugis.

"Barka da rana, mai gida. A ɗaure kare. Kallo kyauta ne, taɓawa ma ba a biya."

Jamil ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa. Hajji Mas'ud ya ce shi bai taɓa kiwon kare ba, ko ubansa bai yi ba. Tsofaffi suka dubi juna, suka yanke cewa haka mutanen Ostireliya suke, ai wanda ya tashi cikin dabbobi masu aljihu ba a yi masa hisabi. Samari kuwa, da suka ji jawabin Fawwaz da kunnensu, har wani ya share ƙwalla. Darwish kaɗai ya gane muryar akwatin koli, don shi ma ya ɗauke shi. Ya dubi agogon bango, ya dubi gashin bakin, ya gyara zama abinsa.

Fawwaz ya ci gaba, ya dafa kafaɗar ɗansa. Ya ce yaro ne mai tsare salla, mai jin ƙan uwarsa, bai taɓa sa shi kunya ba. Abu Nimr da ya ga an dafa kaya, nan take ya ji ya dawo gida.

"Ka duba da kyau, mai gida. Ba ya zuba, ba ya koɗewa, a wanke shi da ruwan zafi ba ya tsukewa. Shi kaɗai ya rage. Maƙwabciyarku ta ɗauki biyu."

Jamil ya ɗauka raha ce irin ta can, ya yi dariya don ladabi. Sannan ya sa hannu a ƙirji ya ce Surayya ita ce 'yarsa ta fari, hasken idonsa, tun tana ƙarama ba ya iya cin abinci sai ya gan ta. Fotugis ɗin Jamil na birni ne, mai gudu, ya wuce Abu Nimr kamar motar da ba ta tsayawa a ƙauye. Amma ya ga mutum na nuna wani abu da alfahari, kuma yana da Turancin da ake yi wa abin alfahari. Ya juya wajen Fawwaz ya shaida masa cewa tsohuwa ce ƙwarai, tun zamanin Rumawa take nan, girgizar ƙasa ma ba ta kayar da ita ba. Ba a hawa, ba a taɓawa, hoto kawai.

Fawwaz ya dubi ɗansa. Ziyad ya dubi silin. Samari suka fara gunaguni cewa wannan likitan bai da mutunci, ya za a yi mutum ya yi wa 'yar cikinsa haka. Tsofaffi kuma na mamakin abin da ya sa fuskar baƙo ta canza bayan magana mai daɗi irin wannan. Falo ya rabu biyu, kowane gefe na jin rabin zancen yana ganin ɗaya gefen ba su da tarbiyya. Gahawa ta huce, Hajji Mas'ud ya kwashe ya zubo sabuwa.

Fawwaz ya haɗiye abin da ya ji, don ɗansa. Ya ce Allah bai ba shi 'ya mace ba, in an ba su Surayya, ba suruka za ta zama ba, 'ya za ta zama, ita da ƙanwarta duka gidansa gidansu ne. A nan ne kayan Abu Nimr na sayarwa suka ƙare. Ya laluba cikinsa, ba abin da ya saura sai Fotugis ɗin saye, wanda yake yi wa masu sari in ya je ɗaukar kaya. Da shi ya yi amfani.

"Gaskiya kayan nan sun kwana a kanti, rana ta taɓa su. Amma don mutunci za mu rage maka su. Sai dai a yi mana ragi, a haɗa mana da ƙaramar gyara."

Jamil ya miƙe tsaye. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi, ya zazzaga magana wadda ta sa tsofaffi suka sunkuyar da kai suna istigfari. Muhtar ya ja hannun kwat ɗin Abu Nimr ya tambaye shi me ke faruwa.

"Alheri," in ji Abu Nimr. "In mai kaya ya yi ja haka, ya kusa sallamawa. Ku tashi."

"Mu tashi mu je ina?"

"Ƙofa. Haka ake yi a can. Ka rufe akwati ka juya baya, kafin ka kai bakin titi ya kira ka. Ku tafi a hankali, kada wanda ya waiwaya."

Muhtar bai taɓa zuwa Barazil ba, abin da ya daɗe yana damunsa, don haka bai so a gane bai san al'adar ba. Ya tashi, kowa ya tashi. Aka ja Fawwaz da ango, aka fita daga falo a hankali, aka sauka matakala a hankali, aka wuce ƙarƙashin inabin tsakar gida kamar masu rakiyar gawa. Abu Nimr na raɗa musu cewa yanzu za a kira. Suka kai ƙofar waje, yanzu za a kira. Suka taka titi. Abin da suka ji daga baya shi ne ƙarar sakata.

Haka manyan mutane suka tsaya a tsakiyar titi cikin kwat, rana na dukansu, sun ba gidan baya don an hana su waiwaye. Mai kankana ya tsayar da motarsa ya tambaya wa ya rasu. Mata suka fito baranda ɗaya bayan ɗaya. Daga can ƙarshen layi Ummu Nimr ta leƙo ta tambayi mijinta ko an sha, ya ɗaga mata hannu ya ce ana kan hanya. Ta ce ai ta gani, a kan hanyar suke tsaye.

Muhtar ya gaji ya waiwaya. Ya ce wa Abu Nimr in bai mayar da su cikin falon nan ba, ba zai jira la'asar ba, da hannunsa zai tuge gashin. Aka koma aka ƙwanƙwasa. Hajji Mas'ud ba ya iya barin baƙo a ƙofa ko da wanda ya kashe masa ɗa ne, ya buɗe yana huci, ya sake ɗora gahawa. Tsofaffi suka lallaɓa Jamil ya zauna, amma a bakin kujera.

Yanzu tsoro ya kama Abu Nimr sosai. Inuwar taga ta miƙe a kan kafet, ladan kuma mutum ne da ba ya makara. Ya shafa gashin bakinsa ya ji kamar yana yi masa bankwana. Sai ya yanke cewa jiran Fawwaz ya yi magana ɓata lokaci ne, ya fara fassara tun kafin a faɗa. Fawwaz na buɗe baki, Fotugis ya riga ya yi nisa. Ya janyo Ziyad tsakiyar falo, ya juya shi gaba da baya, ya ja hannun rigarsa ya nuna ɗinki, ya ce a gwada shi wata guda, in ya yage a dawo da shi ba tambaya. Da ya tuna Jamil likitan haƙori ne, ya kama haɓar yaron ya buɗe masa baki ya ce mai gida ya duba da kansa, ai shi ya san kaya. Jamil, saboda sabo, har ya ɗan leƙa kafin ya tuna fushi yake yi.

Abu Nimr ya rantse da kabarin kakarsa cewa asara yake yi. Ya ce ko masu sarin ba su ba shi a haka ba. Ya yi magana har kumfa ta taru a gefen bakinsa, maƙogwaronsa ya bushe ƙamas, muryarsa ta fara sarƙewa. Hannunsa ya miƙa da kansa, ya ɗauki finjalin da ke gaban Fawwaz, ya kurɓe gahawar tas, ya dire shi a kan faranti.

Ƙarar finjalin nan ita matan kicin suka wuni suna jira. Ba su ga wanda ya sha ba, sun dai ji an sha. Guɗa ta tashi ta cika gidan, matan baranda suka karɓa, layi ya ɗauka. Wani da aka ajiye a kan soro da kayan wasan wuta ya kunna musu ashana, mai ganga da ke jira a lungu ya shigo tsakar gida yana duka. Hajji Mas'ud ya dafe kai ya ce a gidansa, yana raye, an sha gahawar jikarsa ba a bayar ba. Jamil da ya ji biki ya kankama ya ɗauka an ƙwace yarinyar ne da ƙarfi, ya cire kwat ya fara naɗe hannun riga.

Nan fa gefe biyu suka tashi wa juna, kuma Allah ya sa da Larabci suka yi. Wani tsoho ya nuna Fawwaz da sanda ya ce mutumin da ya ce 'yar mutane ta kwana a kanti, har yana neman gyara, bai cancanci ko ruwa ba. Wani saurayi ya ce wane kanti, mutumin da ya ce zai riƙe ta kamar 'yar cikinsa? Ai likitansu ne ya ce tun zamanin Rumawa take. Tsohon ya ce wane Rumawa, hasken idona ya ce. Aka tambayi kare, samari suka ce ba wanda ya ambaci kare. Aka tambayi maƙwabciyar da ta ɗauki biyu, ba wanda ya san ta. Hayaniya ta yi ta raguwa, kawuna suka yi ta juyawa, har duk suka tsaya a wuri ɗaya.

Abu Nimr na tsaye da ɗigon gahawa a gashin baki. Ya ce fassara ba kalma da kalma ba ce, ma'ana ake bi.

"Ma'anar kare fa?" in ji Darwish.

"Wannan buɗe taro ne."

Sai ga Surayya a bakin ƙofa, rabin kanta a naɗe da abin murɗa gashi, ta sauko tun da ta hango angonta daga taga yana tsaye a titi ya ba gidan baya. Hajji Mas'ud ya buɗe baki zai ce ba a haka, ta sumbaci hannunsa ta ce ba ta shigo ba, ai ƙafarta na waje. Daga nan bakin ƙofa ta sa Fawwaz ya maimaita duk abin da ya faɗa, ta juya wa ubanta. Ta sa ubanta ya maimaita, ta juya wa Fawwaz. Kafin ta gama, likita na kuka, Fawwaz na kuka, sun rungume juna kowa na ba da haƙuri da harshen da ɗayan ba ya ji. Jamil ya share ido ya tambayi 'yarsa yadda ake faɗa da Larabci, ta gaya masa a kunne. Ya ja numfashi, ya buɗe baki, ladan ya riga shi. Sai da aka jira kiran salla ya ƙare sannan ya ce ya ba su, aka sha gahawa.

Bayan salla garin duka ya hallara a dandali, har da waɗanda ba su taɓa sanin ana neman auren ba. Darwish ya fito da kujerar shagonsa, ya jawo waya daga gidan gahawa ya haɗa tsohon injin askinsa, ya ɗaura wa Abu Nimr tawul a wuya da irin ladabin da bai taɓa yi wa kowa ba. Abu Nimr ya zauna ya ɗaga haɓa. Yana ta murmushi, amma duk wanda ya san shi ya san zuciyarsa ta karye.

Fawwaz ya gani, tausayin ɗan baffansa ya kama shi. Ya ratso taron ya tsaya gaban muhtar ya yi magana mai tsawo da Turanci, yana shafa leɓensa na sama yana nuna kujerar. Cewa yake yau ranar farin cikinsa ce, yana roƙon alfarma ɗaya, a bar wa mutumin nan gashinsa. Kuma kowa ya san uban ango in ya roƙi alfarma ranar da aka ba shi, ba a hana shi. Muhtar ya waiwaya yana neman Surayya ta fassara masa.

"A bar yarinya ta huta," in ji Abu Nimr daga kan kujera. "Tafinta na nan da ransa."

"Abu Nimr, ka bari ta faɗa," in ji Ummu Nimr daga cikin mata.

"Ke, ɗan baffana ne. In ban ji shi ba wa zai ji shi?" Ya dubi hannun Fawwaz da ke kai da kawowa a kan leɓe, ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane tun tuni. "Cewa ya yi a yi maza a aske, mai hoto na jira."

Samarin da suka ji Turancin suka ciji leɓe, wani ya durƙusa yana riƙe ciki, ba wanda ya gyara masa. Kafin Surayya ta ratso ta cikin mutane, Darwish ya ce to tunda baƙo ya matsu, ya kunna inji. Tafiya ɗaya ya yi daga ƙarƙashin hanci zuwa dama, abin da aka yi shekaru ana shafa wa mai ya sauka a kan tawul. Ya ɗaga hannu zai koma hagu, wuta ta ɗauke.

Aka nemi mai janaretan unguwa, ashe yana sahun gaba yana kallo, ya ce shi ba ya tayarwa sai magariba. Abu Nimr ya roƙi Darwish ya ƙarasa da aska, Darwish ya ce askarsa ta tafi wajen wasawa. Mai hoto kuwa da gaske yana jira, rana na shirin faɗuwa. Iyayen biyu suka ce ba za a ɗauka ba sai da mutumin da ya kusa raba su, aka tsayar da shi a tsakiya da tawul ɗinsa. Dangin amarya suka ɗauka daga nasu gefen, dangin ango suka ɗauka daga nasu, kowa ya aika gida.

Har yau in dangin biyu suka haɗu a biki sai an yi wannan gardamar. Na Barazil sun dage cewa tafintan da aka ba su labari ba shi da ko ƙwayar gashi a leɓe, na Ostireliya suna rantsuwa cewa ba su taɓa ganin gashin baki irin nasa ba, kowa kuma da hotonsa a hannu.